Gida Ɗaya a Bagega: Darasi a kan Gado, Ciniki, Zakka da Wakafin Gidaje

  

A cikin dukiyar da bayin Allah ke miƙo wa wannan gidauniya da kwamitocin masallatai, babu wadda ta kai gida girma a idon mai bayarwa, babu kuma wadda ta kai shi jawo shari'a bayan mai bayarwar ya kwanta dama. Buhun gero idan ya iso, a auna shi ne, a raba wa masu haƙƙi, kowa ya kama gabansa. Gida kuwa da tarihinsa yake zuwa: wanda ya gina shi, waɗanda suka gaje shi, hannuwan da ya ratsa, da abin da aka aikata a tsakar gidansa shekaru goma ko ashirin da suka shige. Kwamitin da ya karɓi mabuɗi bai tambayi wannan tarihi ba ya karɓi amanar da bai san nauyinta ba.

Saboda haka muka zaɓi darasin bana ya bi sawun gida ɗaya a garin Bagega, cikin ƙaramar hukumar Anka, tun daga ranar da aka kafa harsashinsa har ranar da aka zo da shi a matsayin wakafi. Gidan misali ne, ba na wani takamaiman mutum ba ne. Mun ɗora masa irin mas'alolin da limamai da alƙalan wannan yanki suka saba ji. Amma abin da za a faɗa game da garin da maƙwabtansa duk ya faru, kuma da yawa daga cikin masu karanta wannan rahoto da idonsu suka gani.

Gidan da ba a raba ba

Mu ƙaddara wani manomi ya sami fili a gefen gari ta hannun mai unguwa, ya kewaye shi da katangar ƙasa, ya yi zaure, ya gina turakarsa da ɗakunan iyali, ya kafa rumbuna biyu, ya haƙa rijiya. Da ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mata uku, iyayensa kuwa sun riga shi. Bayan jana'iza da biyan bashi da zartar da wasiyya in akwai, tarikar za ta kasu kashi 8: matar ta ɗauki tumuni, wato kashi 1, kowane namiji kashi 2, kowace mace kashi 1. Lissafin ba shi da wuya. Abin da ya saba faruwa shi ne a raba gona da dabbobi da hatsi, a zo kan gida sai a ce a bar shi, gidan gado ne, tsohuwa na ciki. Mazan su ci gaba da zama, matan suna gidajen aurensu, shekaru su yi ta wucewa har kowa ya ɗauka gidan na mazan ne.

Shari'a ba ta ɗauka haka ba. Kashi 4 daga cikin 8 na wannan gida, rabinsa cif, na uwar ne da 'ya'yanta mata. Kunyar da ta hana mace ta ce wa yayanta a raba gidan mahaifinsu ba kyauta ba ce, kuma dogon zaman da ɗan uwa ya yi a gidan gado ba ya mallaka masa rabon 'yar uwarsa da sauƙi. Malaman Malikiyya sun sanya shekara 10 a matsayin hauzi tsakanin bare da bare, idan mai abu yana nan, yana gani, ya yi shiru ba tare da wani uzuri ba. Tsakanin dangi kuwa sun tsawaita wa'adin ƙwarai, domin sun san ɗan uwa kan ƙyale ɗan uwansa ya amfana da abinsa saboda zumunci. Wannan ce tambaya ta farko da kwamiti zai yi a kan kowane gida: an raba gadonsa, kuma matan gidan sun karɓi nasu ko sun yafe da bakinsu a gaban shaidu?

Game da zakka a wannan mataki maganar gajeruwa ce. Gidan da mutum ke zaune a ciki babu zakka a kansa komai tsadarsa, kuma mallakarsa ba ta fitar da talaka daga cikin masu karɓar zakka matuƙar bai wuce buƙatarsa ba. Tsohuwar nan mai tumunin gida, in ba ta da abin ci na shekara, tana cikin masu haƙƙi.

Da zinariya ta yi tsada

A shekarar 2009 farashin zinariya a kasuwannin duniya ya haura dala 1,000 kowace oza, ya yi ta hawa har ya kusa 1,900 a 2011. Wannan tashi da aka yi a Landan da Dubai ya iso ƙauyukan Anka da Bukkuyum a sifar buhunan dutse. Bagega ta cika da baƙi, masu haƙa da masu niƙa da masu wanki da dillalai, ɗakin haya ya yi daraja, filin da a da ba a taya shi ya sami masu taya.

A nan ne ɗaya daga cikin mazan gidanmu ya sayar da rabonsa, kashi 2 cikin 8, ga wani baƙo mai injin niƙa, ba tare da ya shawarci kowa ba. Cinikin ya halatta, domin mutum na iya sayar da rabonsa sananne ko da ba a tsaga ba. Sai dai sauran magada suna da shufa'a, wato haƙƙin su biya baƙon daidai kuɗin da ya biya su karɓe rabon, ko yana so ko ba ya so. Hikimar a bayyane take ga duk wanda ya san gidan Bahaushe: zaure ɗaya, rijiya ɗaya, tsakar gida ɗaya, ga matan kulle. A mazhabarmu shufa'a ta abokin tarayya ce a cikin abin da ba a raba ba. Da zarar an ja iyaka kowa ya fitar da ƙofarsa, ta faɗi. Maƙwabci ba shi da ita a wurinmu, Hanafawa ne suka ba shi. Risala ta Ibn Abi Zaid ta nuna cewa wanda ke gari ya yi shiru har shekara ta wuce ya rasa ta, wanda ba ya nan kuwa yana kan haƙƙinsa ko da ya daɗe. Ke nan 'yar da ke aure a Gummi, wadda labarin cinikin bai kai mata ba, tana iya tasowa bayan shekaru ta nema, kuma alƙali zai saurare ta.

Ba a nemi shufa'a ba. Baƙon ya shigo da buhunan dutsensa.

Abin da ya shiga cikin ƙasa

Dutsen da ake haƙowa a wannan yanki yana ɗauke da dalma mai yawa tare da zinariyar. Mutane suka riƙa kawo shi cikin gidaje, ana fasa shi da guduma, ana daka shi a turmi, ana niƙa shi da injin da a da ake niƙa hatsi, ana shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ƙurar ta kwanta a daɓen ɗaki, a kan tabarma, a bakin rijiya, a kan hatsin da aka baza. Ƙaramin yaro kuwa hannunsa daga ƙasa sai baki, kuma cikinsa ya fi na babba saurin tsotse dalma.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF suka lura yara na mutuwa da yawa a wasu ƙauyuka, da amai da jijjiga da suma, maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau ba sa yi musu komai. Da aka gwada jini sai aka ga dalma ce. An ƙiyasta cewa yara wajen 400 suka rasu. Wuraren da abin ya fi ƙamari su ne Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, da Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza da Bagega a Anka. Ma'aunin da Amurka ke aiki da shi a lokacin ga ƙasar wurin wasan yara shi ne kada dalma ta wuce kashi 400 cikin miliyan. A wasu wuraren nan an sami fiye da 100,000.

Akwai wani abu a cikin wannan labari da ya kamata masu kula da wakafi su tsaya a kansa. Likitoci suna da maganin da ke janyo dalma daga jini, amma suka ce ba shi da amfani a ba yaro shi sannan a mayar da shi gidan da ya kwaso gubar. Sai an wanke gida tukuna. Wanke gidan kuwa shi ne a kankare saman ƙasar tsakar gida da ɗakuna, a kwashe a kai rami na musamman a binne, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. An yi haka a ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, da hannun kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith da ma'aikatar muhalli ta jiha. Bagega, wadda ta fi su girma, ta zauna jiran kuɗi, yara kimanin 1,500 na jiran magani, har sai da ƙungiyar Human Rights Watch da matasan Follow The Money suka matsa lamba, gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta saki kuɗin a farkon 2013, aka yi aikin a cikin wannan shekara. Lafiyar ɗan mutum ta rataya a kan ƙasar tsakar gidansa, haka kawai.

Dalma ba ta ruɓewa, ba ta tsufa. Gidan da aka wanke a 2013 yana iya sake gurɓata idan wani ya koma shigo da dutse, ko mai aikin niƙa ya riƙa dawowa da ƙura a tufafinsa, ko aka yi yaɓe da tubali da ƙasar kududdufin da aka wanke dutse a ciki. Abin ya sake ɓulla ma a wani wuri, a Shikira ta jihar Neja a 2015, shaidar cewa darasin bai gama shiga ba.

Aibin da ba a gani

Bayan an wanke gari, magada suka gaji da zama da baƙo, suka haɗu da shi suka sayar da gidan gaba ɗaya ga wani ɗan kasuwa mai ƙananan yara, mutumin wani gari. Dillali ya zagaya da shi, ya ga soro, ya ga rijiya, ya ga katanga a tsaye. Ba wanda ya ce masa a bayan turaka ne injin ya yi shekara biyu yana aiki, kuma bayan an shimfiɗa sabuwar ƙasa an ɗan taɓa komawa aikin.

Wannan ita ce mas'alar da ta fi kowace nauyi a darasin. Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tarin abincin da wani ke sayarwa, ya taɓo jiƙaƙƙe a ƙasa, ya tuhumi mai shi don me bai ɗora shi a sama mutane su gani ba, ya kuma barrantar da kansa daga mai algus. Jiƙaƙƙen hatsi hannu na iya gano shi. Dalma a cikin ƙasa ba ta da wari, ba ta da launi, mai saye ba shi da wata hanyar sani sai ta bakin mai sayarwa ko ta na'urar gwaji. Saboda haka wajibin bayyanawa a nan ya fi ƙarfi.

Malamanmu sun wajabta wa mai sayarwa ya bayyana duk abin da ya sani wanda mai saye zai ƙi, kuma ya bayyana shi filla-filla. Mukhtasar na Shehu Khalil ya hana a dunƙule aibi a cikin magana ɗaya. Ke nan abin da dillalai ke faɗa, wai ka saya yadda ka gan shi, ko na sayar maka da tarin ƙasa, ba ya sauke nauyi daga kan wanda ya san abin da ke binne ya yi shiru. Sun kuma kasa aibin gidaje uku. Akwai ɗan ƙarami wanda ba ya rage kuɗi, wannan ba a kula shi. Akwai matsakaici, wanda mai saye zai riƙe gidan a mayar masa da gwargwadon abin da aibin ya rage. Akwai babba, wanda da yawansu suka iyakance da sulusin kuɗin gidan, ko wanda ya yanke wani amfani daga amfanonin gidan. A nan mai saye na da zaɓin ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Cikin misalan da suka kawo akwai rijiyar gida ta kasance mai gishiri a unguwar da rijiyoyinta ke da daɗin ruwa. To, idan ruwan zartsi ya isa a warware ciniki, ina ga ƙasar da ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro har abada? A ganinmu gidan da ba za a iya renon yaro a cikinsa ba an yanke babban amfaninsa, kuma yana cikin kashi na uku, sai fa in gyaransa mai sauƙi ne kuma mai sayarwa ya ɗauki nauyinsa. Hukuncin kowace ƙara dai na alƙali ne.

Abin sha'awa ne a ce Amurka sai a 1992 ta yi dokar da ta tilasta wa mai sayar da gidan da aka gina kafin 1978 ya sanar da mai saye abin da ya sani na fenti mai dalma a jikin gidan. Ƙa'idar tana cikin littattafan da almajiranmu ke bita a zaure tun ɗaruruwan shekaru, aiki da ita ne ya yi ƙaranci. Dillalin da ya sani ya rufe, shi ma yana da kamasho a cikin zunubin, kuma la'adarsa abar dubawa ce.

Kuɗin da magada suka karɓa kuwa, babu zakka a kansa ranar ciniki. Gidan gado ne, ba hajar kasuwa ba, don haka kowa zai ƙirga shekara daga ranar da kuɗin ya shiga hannunsa. In shekara ta zagayo kuma abin da ke hannunsa, haɗe da sauran kuɗinsa, ya kai nisabi, wato ƙimar dinari 20 ko giram 85 na zinariya, sai ya fitar da naira 25 a cikin kowace 1,000. Galibi rabon mutum ɗaya daga gidan ƙauye ba ya kaiwa. Wanda ya sayi gida da niyyar ya ajiye har ya yi tsada ya sayar, hukuncinsa daban: ranar da ya sayar zai ba da zakkar shekara ɗaya ko da gidan ya shekara biyar a hannunsa. Wanda sana'arsa ke nan, yau ya saya gobe ya sayar, shi zai yi wa gidajen ƙima kowace shekara ya haɗa da kuɗinsa. Mai gidan haya kuwa kuɗin hayar zai duba, idan ya shekara a hannunsa ya kai nisabi.

Cinikin wanda aka matsa

Shekarun da suka biyo baya kowa ya san su. Hanyar Anka zuwa Bagega ta zama abin da ake shiga da addu'a, ƙauyuka suka watse, garin Anka ya cika da 'yan gudun hijira. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019, ba ta ɗage ba sai a Disamba na 2024. A 2021 an rufe layukan waya a jihar. A farkon Janairu na 2022 an yi kisan da ya girgiza ƙasa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Darajar gida a irin wannan hali tana bin tsaro ne: inda ake gudu daga gare shi gida ya zama kango, inda ake gudu zuwa gare shi ɗaki ɗaya ya gagari talaka.

Mu ƙaddara an sace ɗan kasuwar nan a hanya, aka yanka masa kuɗin fansa, ya aiko a sayar da gidan cikin kwana uku. Wani mai hali da ke zaune a Gusau ya saya da rabin ƙimarsa. Malikiyya sun san wannan mas'ala, suna kiranta cinikin wanda aka matsa wa. Mashahurin zance shi ne cinikin bai lizimci wanda aka zalunta ba, yana da ikon karɓar abinsa idan ya kuɓuta. Amma Ibn Kinana, da wasu manya da suka zo bayansa irin su Lakhmi, sun ce cinikin ya zartu, hujjarsu kuwa tausayi ce ga shi wanda aka kama: idan mutane suka san za a ƙwace abin da suka saya, ba wanda zai saya, sai bawan Allah ya halaka a hannun azzalumai. Duk zantukan biyu suna da ƙarfi, kuma ba aikin kwamitin masallaci ba ne ya yanke tsakaninsu. Aikinsa shi ne ya gane cewa gidan da aka saya a irin wannan hali akwai magana a kansa, kada ya karɓe shi sai tsohon mai shi ya zo da ƙafarsa, cikin aminci, ya tabbatar da cinikin a gaban alƙali. Nasiharmu ga mai saye, in yana son sadakarsa ta tsarkaka, ya fara cika wa mutumin nan gibin kuɗinsa. Sadakar da aka gina a kan hawayen wani, ko ta inganta a takarda, zuciya ba ta kwanciya da ita.

Iyalin da suka ci bashi don su kuɓutar da nasu suna cikin masu bashin da aka ambata a ayar rabon zakka ta Suratut Tauba, domin ba a saɓo suka ci shi ba. Haka nan wanda ya gudu ya bar gidansa saboda tsoro bai rasa mallakarsa ba, ko wa ya shiga, ko shekara nawa ya yi. Tsoro uzuri ne, hauzi ba ya hawa kansa.

Ranar da aka kawo mabuɗi

Yanzu mutumin Gusau ya zo ya ce ya ba da gidan wakafi, a yi makarantar allo da Islamiyya ta ƙananan yara, ladan ya kai ga mahaifansa. Niyya ce mai kyau, kuma wakafin gida sunna ce ta magabata. Bukhari ya kawo cewa Zubairu ɗan Awwam ya yi wakafin gidajensa, ya shardanta duk 'yarsa da aure ya mutu ta zauna a ciki, ba ta cutarwa ba a cutar da ita, in ta sake aure ta bar wa wata. Abdullahi ɗan Umar ya mayar da rabonsa na gidan mahaifinsa masauki ga mabuƙatan iyalinsa. Da masu hali za su waiwayi wakafin Zubairu, da an rage yawan zawarawa da marayun da ke kwana a shagunan da ba a gama ba a Anka da Gusau. Masallaci a wasu unguwannin ya yi yawa har ana jin kiran salla uku a lokaci guda, ɗakin da gwauruwa za ta sa kanta kuwa babu.

Sai dai wannan gida, da wannan tarihi, shi ne wuri na ƙarshe da ya dace a tara yara 'yan shekara huɗu su zauna a ƙasa kullum. Kwamiti ba zai ce i ba sai jami'an ma'aikatar muhalli ko ta lafiya ta jiha sun auna ƙasar tsakar gida, da daɓen ɗakuna, da katanga, da ruwan rijiya. MSF ta miƙa wannan aiki ga hukumomin jihar a 2022, wurinsu za a nufa. In aka sami guba, ko mai bayarwa ya haɗa da kuɗin kankarewa da zuba siminti, ko a sauya manufa kafin a ƙulla, ko a ba shi haƙuri. Ƙin karɓar wakafin da zai cutar ba rowa ba ce ga mai neman lada. Ba kuma za a ɗebi kuɗin zakka a gyara ginin wakafi ba, domin zakka tana da masu ita guda takwas, gini ba ya cikinsu. Sadakar ganin dama da kuɗin shigar wakafi su ne na wannan aiki.

Dalilin da ya sa muke matsawa a bincika tun kafin a karɓa shi ne ƙofar fita ƙunƙuntacciya ce. A mashahurin mazhaba ba a sayar da gidan hubusi ko da ya zama kango, sai don faɗaɗa masallacin Juma'a ko hanya ko maƙabarta. Akwai saɓani a kan musanya rusasshe da mai amfani, Hambalawa kuma sun fi sauƙaƙawa, amma wannan hanya ce ta kotu, mai tsawo. Kwamitin da ya karɓi gida mai guba ya ɗaura wa kansa da waɗanda za su gaje shi kayan da ba sa iya amfani da shi, ba sa kuma iya saukewa.

Sauran sharuɗɗan sanannu ne, amma a kansu ake yawan tuntuɓe. Wakafi ba ya cika sai an karɓe shi daga hannun mai shi yana da rai, da lafiya, bashi bai cinye dukiyarsa ba. Wanda ya ce ya ba da gidansa amma ya ci gaba da zama a ciki har ya rasu, gidan ya koma gado. Haka wanda ya fita ya dawo kafin shekara ta cika mutuwa ta riske shi a ciki. Wanda ya yi a ciwon ajali, hukuncin wasiyya ne, ba ya wuce sulusi, ba ya kuma zuwa ga magaji. Wakafi a kan 'ya'ya maza a cire mata, Mukhtasar ya lissafa shi cikin ɓatattu, wasu malaman suka ce makaruhi ne amma ya zartu. Wannan gidauniya ba ta sa hannu a kansa. Idan gidan na haya ne, gyaransa ake fara fitarwa daga kuɗin hayar kafin a ba kowa, ko da mai wakafin ya shardanta akasin haka. Akwai kuma wani sauƙi da Malikiyya suka keɓanta da shi wanda mutanenmu ba su cika sani ba: wakafi na iya zama na wa'adi. Mai gida biyu a Anka na iya ba da ɗaya na shekara uku ko biyar don masu gudun hijira, wa'adi ya cika ya koma masa ko ga magadansa.

Ta fuskar dokar ƙasa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen birane a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da iznin zama a kansu, kuma sauya hannu na buƙatar amincewar hukumar da abin ya shafa. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu tana da amfani, amma a ƙara da rajista a ƙaramar hukuma da Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha, a rubuta wakafin da sunan masallaci ko gidauniya. Sau da yawa an rubuta da sunan shugaban kwamiti don sauƙi, ya rasu, 'ya'yansa suka tsinci takardar a akwatinsa suka sa gidan cikin tarika.

Saura maƙwabta. Gida a Bagega ba ya tsayawa shi kaɗai: katanga ɗaya ce tsakaninsa da na kusa, iska ɗaya ke kaɗa su, ruwan damina daga wannan lungu yake gangarawa wancan. In an wanke gidan wakafi tas amma maƙwabci na daka dutse a bayan katanga, ƙurar za ta tsallako. Shari'a ta hana mutum ya yi a cikin mulkinsa abin da zai cutar da maƙwabcinsa, malamai sun kawo misalin hayaƙin gidan wanka da warin majema, kuma ƙurar dalma ta fi su duka. Don haka takardar binciken da kwamiti zai cika kada ta tsaya a ƙofar gidan. A rubuta su wa ke gabas da yamma da kudu da arewa da abin da suke yi, ina injin niƙa mafi kusa, ina kududdufin da ake wanki, daga wace rijiya unguwar ke sha, sannan a sa ranar da za a dawo a sake auna ƙasar bayan damina biyu. Kwafi ɗaya a masallaci, ɗaya wurin uban ƙasa, ɗaya a ofishin gidauniya.